Ina Sharar Gidanku Take Kwana?

[KIƊAN BUƊE SHIRI, A SASSAUTA]

 

Yau a filinmu na kiwon lafiya da tsaftar muhalli, a kan shara za mu tattauna, da ƙa'idojin fitar da ita da kwashe ta a nan birnin Kano. Da tambaya zan fara, kowa ya amsa a zuciyarsa. Sharar da aka share a gidanku jiya, ina ta kwana? Yawancinmu iyakar saninmu shi ne an cika bokiti an ɗora wa yaro a ka, ko an kira mai baro an sallame shi, ya sha kwana. Daga nan sai mu ɗauka magana ta ƙare. To ba ta ƙare ba. Yaron nan ƙarami ne, bokitin ya fi ƙarfinsa, bolar kuma da nisa. Kwatar farko da ya samu babu idon babba a kanta, nan zai juye. Mai baro ma, in ba mai tsoron Allah ba ne, kangon da ke bayan layinku ya fi masa kusa da matattarar hukuma.

Abin da nake so mu riƙe yau guda ɗaya ne. Sharar gidanka tana wuyanka har sai ta isa wurin da hukuma ta ware mata. Fitarta daga zaure bai sauke maka nauyin ba. Duk sauran ƙa'idojin da za mu ambata daga nan suka taso.

Wa ke da alhakin me? Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma Kano ta girma har ta haɗe ƙananan hukumomi takwas, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, ruwan da ke jan shara kuwa ba ya tsayawa a kan iyakar kowace. Shi ya sa tun 2003 jiha ke da hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli, wadda kowa ya sani da REMASAB. Aikin ya rabu gida biyu. Daga ƙofar gida zuwa matattarar da aka amince da ita, wannan na mai gida ne. Daga matattara zuwa jujin bayan gari, wannan na hukuma ne da motocinta. A unguwanni masu faɗin titi irin su Nassarawa da Bompai akwai kamfanoni masu bin gida gida suna ɗauka, ana biyansu a wata. A cikin birni kuwa, inda wani lungun ko keke mai ƙafa uku ba ya shiga balle tifa, tazarar da ke tsakanin gida da matattara yara ne da almajirai da masu baro ke cike ta. A wannan tazarar yawancin ɓarnar take faruwa.

Wuraren da aka hana zuba shara kowa ya san su, ko da ya yi kamar bai sani ba: kwata da duk wata hanyar ruwa, tsakiyar titi, filin wani ko kangonsa, gindin badala, gefen layin dogo, jikin katangar makaranta. Har bakin maƙabarta an mayar bola a wasu wurare, wurin da iyayenmu ke kwance. Duba-gari yana da ikon ba gida takardar gargaɗi, in ba a gyara ba a kai mai gidan gaban kotu.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon mu bari tun daga daminar bana. Da hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, sai ka ga ana ta fitowa da kwanduna ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Iyakarta ƙarƙashin gadar farko, inda leda da robobi da tsumma za su cushe bakin kwalbati. Ruwa in ya rasa hanya sai ya nemi gidan da ya fi gangare, sau da yawa gidan talaka mai ginin ƙasa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kasuwar Kantin Kwari ya lalata yadi da atamfa na maƙudan kuɗi, toshewar hanyoyin ruwa da gine-gine a kansu na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Abin da ya samu ya wuce kuwa, kogin Jakara zai faɗa. Masu lambu da ke can ƙasa da ruwan Jakara suke ban ruwa, latas da kabejin nan kuma kasuwanninmu ake kawo su. Kun ga ke nan abin da aka zubar da daddare yana iya dawowa a faranti.

[KIƊA KAƊAN]

Jama'a, filin lafiya ne wannan, don haka bari mu dubi abin da bola ke yi wa jiki.

A 2021 cutar amai da gudawa ta yi mana mummunar ɓarna. Alƙaluman hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna mutanen da ake zaton sun kamu sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,000, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na sahun gaba. Ƙwayar wannan cuta daga bayan gidan mai ɗauke da ita take fitowa, ta shiga ruwan sha ko abinci. Wani zai ce to me ya haɗa ta da shara? Buɗe bolar unguwarku ka gani. Famfas ɗin jarirai ne cike da kashi, ga ledojin da aka yi bayan gida a ciki aka ƙulle aka jefar. In kwata ta toshe ta yi ambaliya, wannan ƙazantar ce ke malala cikin rijiyar da ba ta da murfi, ko ta shiga bututun famfon da ya fashe a cikin kwata. Taifod ma ta wannan hanyar take bi. Saboda haka uwar gida, kafin ki jefa famfas a shara, ki kakkaɓe kashin a masai, ki naɗe, ki ƙulle a leda, sannan ki wanke hannu da sabulu. In kuma wani a gida ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ko na fakiti, ko a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti. Wannan cutar tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i.

Sauro kuma iri iri ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan da ya kwanta a fili, irin wanda toshewar hanya ke tarawa a layi. Akwai wani mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ɗauke da shawara da zazzaɓin dengi. Shi ruwan da ya taru a gwangwanin tumatir, ko fasasshen bokiti, ko tsohuwar taya da aka ɗora kan kwano, ya ishe shi hayayyafa. A kife duk abin da zai tara ruwa, ko a huda shi.

Sai ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Ɓera abinci ke kawo shi gida. Kwandon sharar da aka zuba ragowar tuwo aka bari a buɗe a bakin madafi, gayyata ce. Don haka mazubin shara ya zama mai murfi. Ba sai an sayi na kanti ba, tsohon bokitin fenti mai murfi ko rabin duro da faifan katako a kai ya wadatar. A ajiye shi nesa da murhu da randa, kuma duk abin da ke ruɓewa kada ya wuce kwana biyu a gida, musamman da bazara.

Wannan ya kawo mu ranar tsaftar ƙarshen wata. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ana taƙaita zirga-zirga, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar wanda aka kama ya karya doka. Al'adar ta samo asali ne daga yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin Janar Buhari da Janar Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980. Ina goyon bayanta, amma ina da magana biyu a kanta. Ta farko, ba don a ƙara barci aka hana fita ba. An tsayar da gari ne don a fito da shebur da manjagara a yashe kwata. Ta biyu, awa uku a wata ba za su iya da sharar kwana talatin ba. Ƙuda, a irin zafinmu, daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai zuwa goma ne. Sauro ma kusan haka. Tsakanin wannan Asabar da ta gaba, an yi kaka da ɗa da jika a bolar nan. Ranar tsafta ta manyan ayyuka ce, sharar yau da kullum kuwa sai an bi ta kullum.

A nan dole a faɗa wa hukuma tata gaskiyar. In matasa sun shiga kwata sun yaso dagwalo sun tara a bakin titi, mota ba ta zo ba har aka kwana uku, awaki da ƙafafu da ruwan sama za su mayar da shi inda ya fito. Wanda ya ga wahalarsa ta tashi a banza sau biyu, ba zai fito karo na uku ba. Matattarar da ta cika ta tumbatsa har ta ci rabin titi ita ma tana koya wa mutane cewa ko'ina ma bola ne. Wanda aka ce ya bi doka yana da haƙƙin a nuna masa wurin zubarwa kusa da shi, kuma a sanar da shi ranar da mota ke zuwa.

[KIƊA KAƊAN]

To yanzu ga inda maganar ta fi yi mini daɗi. Hanya mafi sauƙi ta rage wahalar shara ita ce a rage abin da ke fita. Ana ta maganar ware shara kashi kashi kamar wani sabon ilimi ne daga Turai, alhali kakanninmu mata da shi suka rayu. Ku tuna gidan da. Ƙanzo ana shanyawa, a ci ko a sayar. Dusa da ruwan tsari na akuya ne. Ɓawon rogo da na dankali na tumaki. Toka tana da wurinta, da ita ake wanke tukunya. Tsumma ya zama gammo ko matashi. Abin da ya rage, kashin dabbobi da sharar tsakar gida, shi ne taki, kuma ba kyauta ake samunsa ba. Manoman karkarar Kano da jakai da mangala suke shigowa birni, su kawo itace da kara, su koma da taki. Da wannan takin aka daɗe ana noma gonakin kewayen birni shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni.

Leda ce ta shiga tsakani. Har gobe manomi yana son sharar birni a gonarsa, amma in tifa ta juye masa, sai ya zauna tsintar leda da kwalba da batir. Mahauta kuma za su ba ku labarin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin saniya da tunkiya. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe cikin ne ya cushe.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma mazubi biyu da buhu ɗaya sun isa. Mazubi na farko na abin da ke ruɓewa: ɓawo, ganye, ragowar abinci, sharar turke. In da dabbobi a gida, su ci abin da za su ci. In da ɗan fili, a haƙa rami a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, ana ɗan yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai kyau, na zogale ko na sayarwa. Buhun kuwa na abin da ke da kuɗi ne: gwangwanin lemo, tsohon ƙarfe, robar ruwa, fasasshen bokiti da kujerar roba, tsinkakken silifas, kwali, ledar fiya wata. Waɗannan duk da masu sayensu. Masana'antun roba a Sharaɗa da Dakata suna niƙa tsohuwar roba su fitar da sabon kaya, ƙarfe kuma ga 'yan gwangwan. A ɗauraye, a bar shi ya bushe, a take robar ta lotse don kada ta ci wuri. Busasshen kaya mai tsafta ya fi wanda aka tono daga bola daraja. Mazubi na biyu shi ne na abin da ba ya ruɓewa kuma ba mai saye. Ku gwada na mako ɗaya, za ku ga yadda wannan kason yake ƙanƙancewa.

Ita kanta ledar a rage karɓarta. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, kuma ta tsaya a kan dokar. Jamhuriyar Nijar ta yi irin wannan doka a 2014, amma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san leda ba ta bar kasuwa ba. Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a 2024. Kafin doka ta iso mu, ba abin da zai hana maigida tafiya cefane da jakarsa, ko a aiki yaro sayen koko da kofi mai murfi maimakon a ƙulla masa abu mai zafi a leda.

Akwai kuma abubuwan da ba a haɗa su da kowane kashi, domin suna raunata mutum. Ku tuna hannun ɗan Adam ne zai taɓa sharar nan bayan ku, sau da yawa hannun yaro, ba safar hannu ba takalmi.

Fasasshiyar kwalba da reza da ƙusa, a naɗe su a kwali a ɗaure. Allura da sirinji, musamman a gidan da ke da mai ciwon sukari da ke yi wa kansa allura kullum, a samu roba mai kauri mai murfi a riƙa jefawa a ciki, in ta kusa cika a rufe a kai asibiti mafi kusa a roƙi su haɗa da nasu. Allurar da aka yi amfani da ita tana iya ɗauke da ciwon hanta da wasu cututtukan jini, yara kuma da sirinji suke wasan fesa ruwa. Ragowar magani da ya lalace a mayar wa mai kemis ko asibiti, kada a bar shi inda yaro zai tsinta ya ɗauka alewa ce. Robar fiya-fiya da ta maganin feshin gona ba a mayar da su mazubin mai ko na ruwa, ko an wanke sau nawa. A huda su don kada wani ya tsinta ya zuba abin sha. Masu zoɓo da kunun aya, don Allah ku san inda robobinku suka fito. Wadda aka tsinto a bola ko a harabar asibiti, ɗauraya da ruwa kawai ba ta tsarkake ta.

Batir kuma sai an yi hattara sosai, yanzu da sola ta shiga gidaje. Batirin mota da yawancin na sola dalma ce a cikinsu da ruwan asid. A wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda ana fasa tsofaffin batura ana tace dalmar a cikin unguwa. Mu ma mun san wannan gubar, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, illar kuma ba ta gyaruwa. Mataccen batir a mayar wa dillalin da ke karɓa a ba da sabo, a cike, ba a fasa ba. Kada a bari a fasa shi ko a narka shi a tsakar gida ko a bakin layi.

Toka mai zafi ba a juye ta a mazubi sai ta huce sarai, gobara da yawa daga nan take tashi. Mushe, ko kayan tumbi da jinin layya, rami ake haƙa musu a binne da zurfi.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: in mota ba ta zuwa, ba gara mu cinna mata wuta ba? Na fahimci abin da ke sa a yi haka, amma ba na ba da wannan shawarar. Sharar yanzu cike take da roba. Hayaƙin leda da taya da famfas guba ne, yana tayar da asma, yana shiga ƙirjin jariri da tsoho da mai juna biyu. Da hunturu, lokacin da hazo ya sauko, hayaƙin ba ya tashi sama, a layi yake kwana, a shaƙe shi har asuba. Gwangwanin maganin sauro kuma in ya ji wuta fashewa yake. In an ware mai ruɓewa an binne, an ware mai kuɗi an sayar, ɗan abin da ya rage zai iya jira a ɗaure a buhu ba wari ba ƙuda.

Bari in ce wani abu game da 'yan jari bola. Ana kuka da su, kuma wani kukan da gaskiyarsa, domin akwai ɓata-garin da ke fakewa da buhu suna cire murfin kwalbati da wayar wuta. Saboda irin haka ne hukumar Abuja ta hana su yawo a cikin birni a farkon 2025. Amma mafi yawansu neman halal suke, kuma kusan duk robar da ƙarfen da ake sake sarrafawa a garin nan ta hannunsu suke bi. Wanda kuka sani a unguwa, kuka san ubangidansa da inda yake kai kaya, ku riƙe shi. Ku miƙa masa buhunku a ƙofar gida, ya huta da tona bola, ku ma ku huta da watsa ta da ake yi. In da hali a taimaka masa da safar hannu da takalmin roba, a kuma tuna masa allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki da ke shiga ta rauni.

[KIƊA KAƊAN]

Saura yadda za a cike tazarar nan ta tsakanin gida da matattara, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da na ga yana aiki shi ne mutanen layi ɗaya su zauna bayan sallar isha'i, da sanin mai unguwa, su tsayar da mai baro guda wanda aka san shi, a yanka abin da kowane gida zai bayar a mako, a sa masa ranaku. Sharaɗin farko shi ne matattarar hukuma zai kai, kuma lokaci lokaci wani dattijo ya bi bayansa ya gani da idonsa. In an biya shi abin kirki, ba shi da hujjar juyewa a kango. Gidan haya mai ɗakuna da yawa, mai gida ko wakilinsa ya ajiye babban mazubi mai murfi, a sa kuɗin kwasa cikin yarjejeniya tun ranar shiga, domin sharar da ta zama ta kowa ita ce ba mai ɗauka. Masu shago da masu abinci a bakin titi, kowa gabansa nasa ne, har kwatar da ke ƙarƙashin tebur.

Alhaji, Hajiya, in almajiri ne ke fitar muku da shara, ɗan wani ne aka ba ku amana. Kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kada a aike shi da duhu, a ba shi takalmi, a nuna masa takamaiman wurin da zai kai, in ya dawo a ba shi sabulu ya wanke hannu kafin a miƙa masa abinci. Ƙananan yara kuwa a daina aikensu bola kwata-kwata.

In matattarar unguwa ta cika mota ba ta zo ba, kada a tsaya gunaguni a majalisa. A rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da liman da 'yan kwamiti, a kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ofishin hukumar kwashe shara, a ba kansila kwafi, a riƙe kwafi ɗaya mai ɗauke da kwanan wata. In an yi mako shiru, a koma da wannan kwafin. Unguwar da ba ta da matattara sam, ta wannan hanyar za ta nemi a ware mata.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba rijiyoyin cikin gida da tazarar da ya kamata a bari tsakaninsu da masai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 

[KIƊAN RUFE SHIRI]